Hotunan Duna: Abin da tsohon karenmu ya koya mana kafin ya mutu

Na san da ka ga kan wannan rubutu wataƙila ka yi murmushi, ka ce duk matsalolin da suka dami iyali a yau, ga tsadar abinci, ga kuɗin makaranta, ga na asibiti, sai maganar hoton kare aka ga damar kawowa a wannan shafi? Ban ga laifinka ba, domin a da ni ma abin da zan faɗa ke nan. Amma ka yi haƙuri ka bi ni zuwa ƙarshe. Kafin nan, ɗauko wayarka ka duba. Za ka ga hotunan biki da na suna da na Sallah. To a cikinsu akwai hoton dabbar da take kwana a gidanka, kare ne ko kyanwa ko aku ko tunkiyar da yara suka saba da ita? Ni dai shekara 13 muka yi da kare a gidana, kuma sai a watanni biyar na ƙarshen rayuwarsa aka fara ɗaukarsa hoto da niyya. Ba ma ni na fara ba, 'yar autata ce.

Yadda Duna ya shigo gidanmu

A Jos muke zaune. Bayan rikicin watan Janairun 2010, muna cikin iyalai da dama da suka bar unguwar da suka saba suka koma wata. Gidan da muka samu a bakin gari yake, katangarsa ba ta kai kafaɗa ba, bayanmu kuwa duwatsu ne da ciyayi. A watannin farko sau biyu ana hauro mana, aka ɗauke janareta, aka kwashe kajin uwargida. A farkon 2011 sai mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya dawo daga ƙauye da kwali a bayan babur. Da aka buɗe sai ga ɗan kwikwiyo baƙi wuluk yana rawar sanyi, irin karnukanmu na gida masu tsinin baki da tsayayyun kunnuwa. Baba ya yi farauta a ƙuruciyarsa, ya san kare. Shi ya raɗa masa suna Duna saboda baƙinsa.

Hajiya, mahaifiyata, ta ce sam, ba a gidan da take sallah ba. Ta kawo hadisin nan da kowa ya sani, wanda ya yi magana a kan mala'iku da gidan da ke da kare ko hoto. Ba mu ja da ita ba, muka tafi wajen malamin unguwa. Ya ce an yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai da yawa sun haɗa da karen gadin gida idan akwai buƙata ta gaskiya. Har ya ba mu labarin da ake ruwaitowa game da Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risalar da ake karantawa a zaurukanmu, cewa shi ma ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a wani zamani na tsoro. Aka gindaya sharaɗi: Duna ba zai shiga ɗaki ba, ba zai kusanci wurin sallah ba, kuma kwanonsa daban. Baba ya gina masa ɗan ɗaki da bulo a gefen ƙofar gida. Har ya mutu Duna bai taɓa tsallake dokin ƙofar falo ba, Hajiya kuma ba mu taɓa jin ta kira sunansa ba. "Wancan abin naku" take ce masa.

Tun daga lokacin ba a sake hauro mana ba. Duna ya san ƙarar babur ɗina tun daga kan kwana. Shi ke raka yara bakin titi da safe, ya tsaya har su hau mota sannan ya dawo. Wata damina ya hana uwargida shiga ɗakin girki, ya tare ƙofa yana ta haushi, tana faɗa tana neman sanda, ashe kububuwa ce kwance a bayan buhun gawayi. Duk da haka, in gaya maka gaskiya, ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. A wurina kamar kwaɗon ƙofa yake, ko fitilar waje: abu ne mai amfani, shi ke nan.

A 2019 Baba ya rasu. Yana da wata kujerar katako a gindin mangwaro inda yake zama da la'asar yana sauraren rediyo, Duna na kwance nesa kaɗan da ƙafarsa. Bayan an share makoki, kwana da kwanaki karen nan yana kwance a gindin kujerar, abinci ma sai ya ga dama. A lokacin ne muka shiga neman hotunan Baba don rarraba wa 'yan uwa. Muka samu na fasfo, muka samu na situdiyo da babbar riga ya ƙame kamar soja, muka samu na ɗaurin aure a cikin taro. Amma Baban da muka sani, mai 'yar shara da rediyo a kunne, hoto ɗaya tak muka samu, wani yaron maƙwabta ne ya ɗauka yana gwada sabuwar waya. A gefen hoton ana hango wutsiyar Duna. Ka riƙe wannan a ranka, zan dawo gare shi.

Ranar da auta ta yi min tambaya

Autata an haife ta a 2013, ke nan ba ta san gidanmu babu Duna ba. Wata rana a watan Oktoban 2023 na dawo daga aiki, ta tare ni tun ban cire takalmi ba.

"Abba, Duna zai mutu ne?"

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Ba wanda ya gaya min. Ya daina raka mu titi. Kuma ba mu da hotonsa ko ɗaya."

Na ce, "Ke auta, kare ne fa." Na wuce ciki.

Ba ta sake yi min maganar ba. Wayar mahaifiyarta ta rinƙa ara. Bayan kwana uku ta kawo min abin da ta ɗauka. Hotunan ba su yi kyau ba, da dare ta ɗauka da hasken filashi, idanun Duna sun fito kore shar kamar na wani dodo. Amma a ciki akwai ɗan bidiyo na rabin minti. Ta kira shi, ya ɗago kai, ya yunƙura zai tashi, ƙafafun baya suka ƙi. Ya sake yunƙurawa, ya zame. Sai a karo na uku ya miƙe, yana tafe yana jan ƙafar hagu, amma wutsiya na kaɗawa.

Sau huɗu na maimaita bidiyon nan. Mai karatu, kullum sai na wuce ta gaban karen nan aƙalla sau huɗu, fita da dawowa, amma ban taɓa lura ba. Ban ga furfurar da ta cika masa baki ba, ban ga idanun sun yi hazo ba, ban ga ƙashin ƙugunsa ya fito ba. Sai da aka sa min shi a fuskar waya sannan na gani. An ce gani ya kori ji, to ni ranar na gane cewa wucewa ta gaban abu daban, ganinsa daban. Kunya ta kama ni. Dabbar da ta yi shekara 12 tana hana idonta barci don mu yi namu, tana fama da ciwo a ƙofar gidana, yarinya 'yar shekara 10 ce ta gano.

Abin da likitan dabbobi ya faɗa

Washegari na nemo likitan dabbobi ya zo gida. Na nuna masa bidiyon, ya ce ya fi masa amfani fiye da dogon bayani, domin kare kan ɓoye ciwonsa, musamman a gaban baƙo, sai ya miƙe tsaf kamar ba abin da ke damunsa. Wannan shi ne amfanin farko na ɗaukar tsohuwar dabba hoto da bidiyo, kuma shi ya sa na ga maganar ta dace da shafin lafiya: idan ka jera hoton bara da na bana za ka ga ramar da ido bai gani ba, saboda a hankali take zuwa.

Ga kaɗan daga abin da na koya. Yawancin karnuka tsakanin shekara 10 zuwa 13 suke rayuwa. Manyan jinsi sun fi saurin tsufa, tun daga shekara 6 ko 7 ake lissafa su cikin tsofaffi, ƙanana kuwa sukan kai 10 kafin tsufa ya bayyana. Maganar nan da ake yi cewa shekarar kare ɗaya daidai take da bakwai ta mutum ba lissafi ba ne na gaskiya, domin a shekarar farko kaɗai kare ya balaga. Alamomin tsufa su ne furfura a baki, hazo a ido, raguwar ji, warin baki saboda ciwon haƙori, yawan barci, da wahalar tashi, wanda galibi amosanin gaɓɓai ne kamar dai yadda yake kama tsofaffinmu. Idan kuma ka ga tsohon kare ya shiga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa yana yawan fitsari, kada ka ce zafi ne kawai, yana iya zama ƙoda ce ko ciwon suga.

Na ce, "Likita, ko in rinƙa ba shi irin maganin ciwon jikin da muke sha?"

Ya ce, "Malam, kada ka soma." Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac suna iya yi wa kare gyambon ciki su lalata masa ƙoda, farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa. Dabbobi suna da nasu maganin, kuma da nauyin jikinsu ake auna shi. Ya kuma ja kunnenmu a kan miya mai yawan albasa da tafarnuwa, domin suna lalata jinin kare, da dafaffen ƙashin kaza da ke tsagewa ya soki hanji.

Abin da muka canja ba mai tsada ba ne. Wanda ya san sanyin Jos a watan Disamba da Janairu ya san yadda siminti yake da asuba, kuma a kansa Duna yake kwana. Muka shimfiɗa masa kwali da buhuna da tsohon bargo, muka rufe ƙofar ɗakinsa da labulen buhu. Muka matso da kwanon ruwa kusa da shi. Aka rinƙa jiƙa masa abinci ya yi laushi, ana ba shi kaɗan-kaɗan sau uku maimakon sau ɗaya. Aka cire masa kaska, aka yanke masa farce. Cikin mako biyu da fara shan magani, sai ga Duna ya raka yara har bakin ƙofa.

Abu ɗaya da ba zan tsallake ba, tunda da iyali nake magana. Kafin ka bar yaro ya durƙusa kusa da kare don ɗaukar hoto, ka tabbata an yi wa karen allurar rigakafin ciwon haukan kare, kuma ana sabunta ta kowace shekara, tsufa ba ya ɗauke masa wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Mu a nan Filato ba mu da uzuri, ga Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tun 1924, wadda take sarrafa wannan allura. Sannan ka sani kare mai jin ciwo, ko wanda ji da gani suka ragu, yana iya kai cizo idan aka taɓa shi ba zato, ko da bai taɓa cizon kowa ba. A koya wa yara su yi masa magana kafin su matso, kada su hau shi, kada su taɓa inda ke masa ciwo. Idan tsautsayi ya faru, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar.

Yadda muka koyi ɗaukar hoton

Daga nan ni da auta muka zama abokan aiki. Ba mu da kyamara, wayar hannu ce kawai, kuma da kuskure muka koya. Ga abin da zan ba ka a taƙaice.

Ka kashe filashi. A bayan idon kare da na kyanwa akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske kamar madubi, shi ke taimaka musu gani da dare, shi ne kuma yake sa idon ya fito kore a hoto. Ban da haka hasken yana firgita tsohuwar dabba. Ka nemi hasken hantsi ko na bayan la'asar. Baƙin kare irin Duna ba ya fitowa a tsakar rana, sai ka ga dunƙulen duhu kawai, amma a inuwa mai haske, ko a ranar da hazon hunturu ya rufe rana, har furfurar bakinsa ɗaya bayan ɗaya ake gani.

Ka durƙusa. Duk hoton da ka ɗauka a tsaye, ƙeyar kare da ƙasa za ka samu. Sai ka sauko daidai idonsa sannan fuskarsa za ta fito. Ranar farko da na durƙusa a tsakar gida da kaftanina, maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, lafiya dai?" Na ce lafiya lau. Ya yi dariya ya tafi. Wannan durƙuson shi ne karo na farko a shekara 12 da na kalli Duna ido da ido.

Kada ka tilasta masa. Ba a ce wa tsohon kare ya tashi ya tsaya saboda hoto. Ka same shi a inda ya saba, yana abin da ya saba. Minti biyar ya isa, in ya kawar da kai ko ya fara haki, ka ƙyale shi sai gobe. Ka ɗauki ƙananan abubuwa: kunnen da ya tsage, tafin ƙafa, kwanon da ya lotse, gurbin da jikinsa ya yi a ƙasa. Ka ɗauki bidiyo don sauti, domin murya ce take fara ɓacewa daga tunanin mutum. Sannan kada ka kori mutane daga cikin hoton, kada ka share tsakar gida don ta yi kyau. A bar bokiti da igiyar shanya da takalman yara a inda suke.

Daga baya na gano ba mu kaɗai ba ne. A Japan akwai wani kare mai suna Hachiko, wanda maigidansa malamin jami'a ya rasu a 1925, shi kuwa ya ci gaba da zuwa tashar jirgin ƙasa ta Shibuya yana jiransa har ya mutu a watan Maris na 1935. Hotunan da aka ɗauke shi da tsufansa suna nan, kuma mutum-mutuminsa yana ƙofar tashar har yau. A Amurka kuma wata mai ɗaukar hoto, Isa Leshko, ta fitar da littafin hotunan tsofaffin dabbobi a 2019, aikin da ta fara bayan ta yi jinyar mahaifiyarta mai ciwon mantuwa. Da na ji wannan ban yi mamaki ba. Wanda ya zauna ya kalli tsufan dabba da kyau, tunaninsa ba ya tsayawa a kan dabbar.

Kwanakin ƙarshe

A ƙarshen Janairun 2024 Duna ya fara ƙin abinci, yana amai, yana shan ruwa kamar ba gobe. Likita ya ɗebi jini, ya dawo ya ce ƙoda ce ta gaza, kuma a shekarunsa babu gyara, sai dai a rage masa wahala. Ya gaya min akwai allurar da ake yi wa dabba ta yi barci ta wuce ba tare da azaba ba. Na kwana biyu ina juya maganar, na yi shawara da uwargida, na sake komawa wajen malam. Ba zan yanke maka hukunci a kan wannan ba, magana ce tsakaninka da likitanka da malaminka. Abin da na sani kawai shi ne barin dabba tana shan azaba babu magani babu kulawa, wannan ba tawakkali ba ne, sakaci ne. Mu dai ba mu kai ga yanke shawara ba Allah Ya yanke masa wahala.

A daren ƙarshe ya ja jiki da ƙyar daga ɗakinsa zuwa gindin mangwaro, inda kujerar Baba take. Auta ta ɗauko waya, ta ɗaga, sai ta sauke da kanta. Ta ce, "Abba, ba na so in tuna shi a haka." Na ce ta yi daidai. Wannan ma darasi ne: akwai lokacin ɗaukar hoto, akwai lokacin ajiye waya a zauna kawai. Shi ya sa nake ce maka ka fara tun da sauran ƙarfi a jikinsa. Muka lulluɓe shi da bargonsa. Da na fito sallar asuba na tarar ya mutu.

Na so in kawar da shi kafin yara su tashi, in ce musu an kai shi ƙauye. Uwargida ta hana. Ta ce yaron da aka yi wa ƙarya a kan mutuwa zai yi ta jira, ranar da ya gano kuma zai daina yarda da kai. Ta fi ni gaskiya. Muka tashe su muka gaya musu da kalmar da ta dace: Duna ya mutu, ya tsufa, ƙodarsa ta daina aiki, ba laifin kowa ba ne. Kada ka ce wa ƙaramin yaro "ya yi barci", domin wani yaron sai ya shiga tsoron kwanciya. Ni da babban ɗana muka haƙa rami mai zurfi fiye da mita ɗaya a bayan gida, nesa da rijiya, muka binne shi, muka ɗora duwatsu. Don Allah kada a jefar da mushen dabba a bola ko a kwata, cuta ce ga unguwa, kuma yara suna kallon yadda muke sallamar abin da ya yi mana hidima.

Auta ta yi kuka sosai. Wani baƙo da ya zo ya ce, "A kan kare kike wannan kuka?" Hajiya ce ta ba shi amsa daga kan tabarmarta, ta ce, "Ƙyale ta, sabo ake yi wa kuka." Ga yara da yawa a birni, mutuwar dabbar gida ita ce mutuwa ta farko da suke gani da hankalinsu. Yadda muka karɓi hawayensu a ranar, da shi za su auna ko za su kawo mana baƙin cikinsu nan gaba ko su ɓoye.

Abin da muka gani a cikin albam

Bayan mako biyu na zaɓi hotuna 30 na kai situdiyo aka wanke. Ina ba ka shawarar ka yi haka. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, tana mutuwa ba sallama. Hoton da aka yi ta turawa ta WhatsApp ƙarfinsa yana raguwa, don haka ka adana na asali a Google Photos ko a kwamfuta, ka kuma ba wani ɗan uwa kwafi. A bayan kowane hoto da aka wanke a rubuta rana da wata da shekara da sunan waɗanda ke ciki. Ban rataye ko ɗaya a bango ba, saboda na san ra'ayin Hajiya, kuma malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara. A albam suke, a cikin durowa.

Wata rana da daddare Hajiya ta ce a kawo mata "littafin nan na auta". Ta sa tabarau tana buɗawa a hankali. Ta tsaya a kan wani hoto da auta ta ɗauka da sassafe ba tare da kowa ya sani ba: Duna na cin wani abu a kwanonsa, a gefen hoton kuma ga ƙafafu biyu masu lalle da bakin zane. Duk gidan mun san zanen. Ashe shekara da shekaru, bayan sallar asuba, ita ke jiƙa masa ƙanzon tuwo ta kai masa kafin kowa ya tashi. Muka yi ta dariya, ita kuwa ta tsuke fuska ta ce, "To, ba rai ne da shi ba? Kun manta mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare ruwa?" Sai ta shafa hoton da yatsa ta ce, "Duna ke nan." Shi ne karo na farko da na ji sunan a bakinta.

A daren nan na sake duba hotunan da wani ido. Na ɗauka kare muka ɗauka, ashe gidanmu muka ɗauka. Ga kujerar Baba da ƙusa ta fito a hannunta. Ga uwargida tana tankaɗe, ba kwalliya ba shiri. Ga babban ɗana da gemu ya fara tsiro masa. Ga mangwaron da iskar bana ta karya masa reshe. Irin hoton nan ne muka nema na Baba muka rasa, sai guda ɗaya mai wutsiyar Duna a gefe. Mu mutane ne masu ɗaukar hoto ranar biki, alhali rayuwa ba a ranar biki ake yin ta ba, a ranakun Talata da Laraba ake yin ta, waɗanda ba wanda yake ɗauka.

Tun daga nan, da izininta, na fara ɗaukar Hajiya a yadda take: tana tsince shinkafa, tana jan carbi, tana yi wa jikoki faɗa. Na naɗi muryarta tana ba da labarin garinsu da sunayen kakanninmu. Kuma kamar yadda ya faru da Duna, a wani bidiyo ne na lura tana dafa bango kafin ta miƙe, tana kuma karkata kai idan ana mata magana ta hagu. Na kai ta asibiti aka duba gwiwa da kunne. Da ban koyi kallo a kan kare ba, wa ya san yaushe zan lura da mahaifiyata?

Don haka mai karatu, ba cewa nake ka ajiye kare ba, kowa da fahimtarsa da halin gidansa. Amma idan akwai wata dabba da ta tsufa a hannunka, amana ce, kuma hidimar da ta yi maka ba ta ƙare da ƙarewar ƙarfinta ba. A wannan makon ka samu wata la'asar, ka durƙusa ka dube ta da kyau, ka ɗauke ta hoto, in ka ga abin da bai kwanta maka ba ka kira likitan dabbobi. In ka gama, kada ka mayar da wayar aljihu. Ka juya ka dubi tsofaffin da ke zaune a tsakar gidan nan.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, Ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya, Ya sa mu zama masu tausayin duk abin da ke da rai.